Jirgin Kaya Da Ya Koma Jirgin Yaƙi: Abin Da Ya Sa Bam Ke Faɗawa Kasuwa A Sudan

Duk wanda ke sauraron labaran yaƙin Sudan tun da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, tsakanin sojojin gwamnati a ƙarƙashin Janar Abdul Fatah Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo da aka fi sani da Hamidti, zai lura akwai kalma guda da ba ta barin bakin masu karanta labarai, wato kasuwa. Ranar 10 ga Satumba 2023 wuta ta faɗo daga sama a kan Kasuwar Goro da ke unguwar Mayo a kudancin Khartum, aƙalla mutum 40 suka riga mu gidan gaskiya. A watan Oktoba 2024 aka yi wa kasuwar Hasahisa da ke jihar Jazira irin wannan ɓarin wuta, kuma a cikin watan ne dai, ranar 20 gare shi, bam ya faɗa kan wani masallaci a birnin Wad Madani, inda kwamitin matasan birnin ya ce mutum 31 suka rasu. Ranar 9 ga Disamba 2024 sai Kabkabiya a Darfur, daidai ranar da kasuwar ke ci, ƙungiyar lauyoyin da ke bin kadin irin waɗannan hare-hare ta ce matattu sun haura 100. Ranar 24 ga Maris 2025 kuma sai kasuwar Tora, ita ma a ranar cinta.

Kusan kowane lokaci amsar rundunar sojan ba ta wuce biyu: ko dai ta musanta, ko kuma ta ce mayaƙan RSF ta nufa. Mai yiwuwa ne a wasu lokutan da gaske su ɗin ta nufa. To amma abin tambaya a nan shi ne, me ya sa wanda ya nufi mai bindiga sai ya sami mai tumatir da mai awo? A ganinmu rabin amsar tana jikin jirgin da ake aikawa, da kuma nisan da yake yi da ƙasa kafin ya saki abin da ya ɗauko. Batu ne da ya shafi kowane ɗan kasuwa da ke kasa kaya a Illela ko Jibiya ko Maigatari ko Gamboru, balle kuma da yake a ƙarƙashin waɗannan jirage akwai dangi, masu magana da harshen da muke rubutu da shi.

Dangi a bakin Nilu

Ga wanda bai sani ba, Jazira ita ce ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kafin su haɗu a Khartum. Shuɗin Nilu shi mutanen can ke kira Nil Azrak, kuma sunan da jihar da ke kan iyaka da Habasha take amsawa ke nan. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu alhazan ƙafa ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, suka tsaya neman na gaba har zama ya kama su. Wasu kuma 'yan hijira ne da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya lokacin da Nasara suka ci Sakkwato. Bayan an kashe shi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka kafa garin da ke amsa sunansa a kudu da Sinnar. Da Turawan Ingila suka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, suka buɗe gandun audugar Jazira wanda daga baya ya haura eka miliyan 2, sai neman ƙwadago ya ƙara jawo wasu. Kafin yaƙin nan za ka tarar da Hausawa a Wad Madani da Sinnar da Singa da Damazin da Rusairis, har Gadarif da Kasala, suna noman rani a bakin kogi, suna su, suna saye da sayarwa.

Sai dai da yawa daga cikin 'yan ƙwadagon gandun, Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Darfur, ba a ba su gona ba, ba a kuma ba mazauninsu matsayin ƙauye ba. An bar su a bukkokin gefen magudanar ruwa da ake kira kambo, jam'insa kanabi, tun daga kaka har jika, galibi babu makaranta, babu asibiti, babu takardar fili. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Motar kaya mai fukafukai

Sunan da yaran karkarar Sudan suka sani shi ne Antonov. Tun asali tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta ƙera shi ne don dakon kaya da sojoji. Samfurin da aka fi gani, An-26, a birnin Kiyef na Yukren aka yi ta haɗa shi daga 1969 zuwa 1986. Farfela biyu gare shi, kuma yana ɗaukar kamar tan 5 da rabi, wato buhun siminti 110. Yayansa An-12 mai farfela huɗu yana ɗaukar tan 20, buhu 400 ke nan. A bayansu akwai ƙofa mai saukowa kamar marfin bayan motar kaya, ta nan ake lodi.

Abin da sojan Sudan suka koya tun lokacin yaƙin Kudu shi ne su sami ganga ko wata tukunyar ƙarfe, su cika ta da abin fashewa da tarkacen ƙarfe, su jera a cikin jirgin. In an iso kan wurin da ake nufi sai a buɗe ƙofar baya a mirgino su ɗaya bayan ɗaya. Gangar ba ta da linzami. Da zarar ta bar jirgi, sai inda nauyinta da iska suka kai ta.

Yanzu bari mu yi lissafi, tunda da 'yan kasuwa muke magana. Jirgin da ke gudun kilomita 400 a awa guda yana cin kamar mita 110 a kowace daƙiƙa. Idan yana nisan kilomita 4 daga ƙasa, gangar da aka saki za ta yi kusan rabin minti tana faɗowa, kuma a cikin wannan rabin minti tana ci gaba da bin gudun da jirgin ya ba ta, har ta yi nisan da ya kusa kilomita 3 daga inda aka sake ta. Ke nan dole a sake ta tun kafin a iso kan abin da ake nufi. Idan mai mirginowa ya makara da daƙiƙa biyu kacal, ko gangar ta ɗan cije a bakin ƙofa, ta kauce da mita 200 da wani abu, ba a ma sa iska a lissafi ba. Motar Land Cruiser da mayaƙan RSF ke yawo da ita tsawonta kamar mita 5 ne, kuma tana tafiya. Kowa ya auna da kansa.

To me irin wannan jirgi zai iya samu? Sai abu mai faɗi, wanda ba ya motsi, wanda kuma aka san ranarsa. Ƙauye. Bakin rijiyar da ake shayar da dabbobi. Fiye da komai kuma kasuwar mako, wadda daga sama ake hango ƙurarta da rumfunanta da manyan motocin da suka yi layi a bakinta. Abin da Bahaushe ke kira harbin kan mai uwa da wabi, a nan an mayar da shi tsarin yaƙi.

Wani zai ce, to me zai hana matuƙin ya sauko ƙasa ya ga abin da yake jifa? Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Bindigar kakkaɓo jirgi da ake ɗaurawa a bayan mota tana cin jirgin da ke ƙasa da kamar kilomita 2, makami mai linzami na saɓawa a kafaɗa kuwa yana kai kilomita 3 ko fiye. Antonov jirgi ne mai nauyin jiki, ba shi da sulke, ba ya iya zilliya. In ya sauko, nama ne.

Tarihi ma ya nuna farashin saukowa ƙasa, kuma wani ɓangarensa a wannan yankin aka rubuta shi. A watan Yuli 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Italiya da ke riƙe da Habasha da Eritiriya suka kama Kasala da Galabat da Kurmuk, dukansu garuruwan kan iyaka. Ranar 16 ga Oktoba na shekarar, ƙananan jiragensu samfurin Fiat CR.42 masu fukafukai hawa biyu suka sauko ƙasa-ƙasa a kan filin jirgin Gadarif, suka ƙone jiragen Ingila 10 da ke ajiye, 8 Wellesley, 2 Vincent. Shammata ce ta ci, domin sun ga abin da suka zo nema kuma shi suka samu. Amma inda na ƙasa ya shirya, labari yakan sha bamban. Ranar 1 ga Agusta 1943 Amurka ta tayar da manyan jiragen B-24 kusan 180 daga Bangazi ta Libiya zuwa matatun man Ploesti a Romaniya, suka shiga a ƙasa ƙwarai, wasunsu daidai tsayin bututun hayaƙi don kada su yi kuskure. Fiye da 50 ba su koma gida ba. Af, a waɗannan shekarun ne kuma jiragen da Ingila ke aikawa fagen Masar suke tasowa daga Takoradi, su ya da zango a Kano da Maiduguri da Fashir da Khartum, kusan sawun alhazan ƙafa suke bi.

Darasin da sojojin sama suka ɗauka daga irin wannan asara shi ne a hau sama. Ƙasashe masu kuɗi suka hau sama, suka kuma kashe dukiya wajen ƙera bam mai linzami da ke neman inda aka aike shi. Sudan ta hau sama da ganga. Duk mitar da matuƙi ya ƙara don ceton ransa, da ran wanda ke ƙasa ake biyan ta.

Ba wai Sudan ba ta da jiragen yaƙi na ainihi ba ne. Ta sayi MiG-29 daga Rasha, da Sukhoi daga Belarus, da A-5 daga Sin, ga kuma jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-24 da kan yi ƙasa kamar shirwa ta hango ɗan tsako. To amma 'yan kaɗan ne, ga cin mai, ga tsadar kayan gyara, kuma ba sa iya daɗewa a kan wuri. Tun ranar farko ta yaƙin nan RSF ta afka wa filin jirgin Marawi da na Khartum don ta karya wannan fiffike. Shi kuwa Antonov yana iya shafe awoyi yana shawagi, kuma tsohon jirgin kaya ba ya wuyar samu a kasuwar duniya.

Abin da Nil Azrak ta gani

Gwamnatocin Khartum sun daɗe da ɗabi'ar yi wa mutanensu magana daga sama. A ƙarshen Maris 1970 Ja'afar Numairi ya yi wa tsibirin Aba da ke Farin Nilu luguden wuta ta sama da ta ƙasa. Aba ita ce cibiyar Ansaru mabiya Mahadi, kuma a cikinsu akwai mutanen yammacin Afirka masu yawa da suka zo tun zamanin Sayyid Abdurrahman. Shugabansu Imam Hadi ya nufi Habasha, aka kashe shi a kusa da Kurmuk.

Amma inda aka ga cikakken aikin Antonov a wannan yanki shi ne daga 2011. Daren 1 ga Satumba faɗa ya ɓarke a Damazin tsakanin sojoji da mayaƙan SPLM ta Arewa, washegari Umar al-Bashir ya tsige zaɓaɓɓen gwamnan jihar, Malik Agar. Ranar 3 ga Nuwamba sojoji suka kama Kurmuk, 'yan tawaye suka shige daji da duwatsu, daga nan aiki ya koma hannun jirgi. Mutane fiye da 100,000 suka tsallaka zuwa gundumar Maban a Sudan ta Kudu, wasu dubbai suka shiga Habasha. Tsallake iyaka ma bai zama kariya ba, domin ranar 10 ga Nuwamba 2011 an jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Yida, cikin ƙasar Sudan ta Kudu.

Waɗanda suka zauna suka koyi sauraro. Gurnanin Antonov daga nesa ake jin sa, yakan ba mutum damar ya ruga ya faɗa ramin da aka haƙa a bakin gida ko gona. MiG kuwa kafin ka ji ƙararsa ya iso. Ɓarnar ma ba ta tsaya ga wanda ganga ta faɗa wa ba. Manomin da ya san jirgi na iya zuwa kowane lokaci ba ya sakin jiki ya yi noma, ba ya tsayawa ya gama girbi, kasuwa ta watse, gishiri da sabulu su gagara. Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama irin su Amnesty da Human Rights Watch da suka shiga yankin a 2012 da 2013 sun ba da labarin yadda yunwa da ƙishirwa suka riƙa kayar da tsofaffi da yara a hanyar gudu.

Gaskiya ɗaya ce, mu faɗe ta. A wancan lokacin yawancin gangunan a kan Ingasana da Uduk da sauran ƙabilun kudancin jihar suka faɗa. Garuruwan da Hausawa suka fi yawa suna bakin kogi ne, a ɓangaren da gwamnati ke riƙe da shi. Jirgin da ya bi ta kan rufinka ya je ya sauke a kan maƙwabcinka yakan bar wani abu a zuciyar maƙwabcin, ko da kai ba ka san hawa ba, ba ka san sauka ba. Ba shi kaɗai ba ne sanadin abin da ya biyo baya, akwai rigimar fili da ta sarauta da kuma hannun 'yan siyasa. A watan Yuli 2022, da Hausawan jihar suka nemi a ba su masarautarsu a tsarin sarautun gargajiya, wasu shugabannin ƙabilu suka ce baƙo ba ya sarauta a ƙasar wani. Aka zubar da jini a Rusairis da Ganis da Damazin, a watan Oktoba kuma aka kashe mutane kusan 200 cikin kwana biyu a Wad al-Mahi. Dubban iyalai suka bar gidajensu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum. Wato yaƙin 2023 ya tarar da wasu 'yan uwanmu tun suna gudun hijirar farko.

Shi kuwa Malik Agar, wanda aka yi shekaru ana mirgino wa jama'arsa ganguna, a watan Mayu 2023 Burhan ya naɗa shi mataimakinsa a majalisar mulkin ƙasa, kujerar da Hamidti ya bari. Haka duniya take.

Gaba kura, baya sayaki

Ranar 18 ga Disamba 2023 RSF ta shiga Wad Madani, birnin da dubban ɗaruruwan mutanen Khartum suka fake a cikinsa. A ƙarshen Yuni 2024 ta kama Singa, Sinnar ta zama kamar tsibiri, Mai Wurno kuma tana tsakanin garuruwan biyu. Sojoji ba su karɓe Singa ba sai ranar 23 ga Nuwamba 2024, Madani kuwa sai 11 ga Janairu 2025. Ke nan an yi fiye da shekara guda mafi yawan Jazira ba ta hannun soja, kuma hanyar da ta rage musu su taɓa abokin gaba a can ita ce ta sama.

Kada wani ya ɗauka muna wanke RSF ne. Abin da suka yi a ƙasa ya fi ƙarfin a faɗa. A Wad an-Nura ranar 5 ga Yuni 2024 sun kashe mutane fiye da 100. A watan Oktoba na shekarar, bayan kwamandansu na Jazira Abu Akla Kaikal ya koma ɓangaren soja, sun huce a kan ƙauyukan gabashin jihar, a Sariha kaɗai an ƙirga gawa fiye da 120. Su ma kasuwa ba ta tsira daga hannunsu ba. Sun yi wa kasuwar Sinnar ruwan igwa ranar 8 ga Satumba 2024, haka kasuwar Sabrin a Omdurman ranar 1 ga Fabrairu 2025, inda fiye da mutum 50 suka mutu.

Abin da muke so ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne yadda kasuwa ke zama abin hari ba tare da mai rumfa ya yi laifin komai ba. Inda RSF ta kama, banki ya rufe, albashi ya tsaya, kasuwa ce kaɗai ke numfashi. Mayaƙa a can suke shan shayi, a can suke sayen mai, a can suke karyar da kayan da suka wawaso, har mutane suka raɗa wa irin waɗannan wurare suna kasuwannin Dagalo. Da aka katse layukan waya a watan Fabrairu 2024, sai shagunan Starlink suka zama wurin da kowa ke zuwa ya karɓi kuɗin da ɗan uwa ya turo masa ta manhajar Bankak, cunkoso ya ƙaru. Mai shago ba ya iya korar mai saye da ke rataye da bindiga, ba ya kuma iya zama a gida yara na kuka. Wani ya buga wa soja waya ya ce ga motocinsu can a bakin kasuwa. Kafin jirgi ya taso ya iso, motocin sun tafi, kasuwar tana nan.

Da sojoji da mayaƙan sa-kai suka dawo kuma, sai aka shiga tambayar wa ya sayar wa abokan gaba da abinci, wa ya zauna bai gudu ba. Mutanen kanabi su suka fi shan wannan tuhuma, alhali da yawansu rashin kuɗin mota da rashin wurin zuwa ne ya zaunar da su. Ranar 10 ga Janairu 2025 mayaƙan Kaikal suka afka wa Kambo Tayba, Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 26 aka kashe. Ita kanta rundunar sojan ta fitar da sanarwa tana tir da abin da ta kira laifuffukan ɗaiɗaikun mutane.

A nan ne maganar kambo da muka ce a riƙe take dawowa. Alƙaluman da duniya ke ji daga kwamitocin unguwanni da ƙungiyoyin likitoci da lauyoyi suke fitowa, mutanen gari masu waya da ilimi da 'yan uwa a ƙasashen waje. Mazaunin da gwamnati ba ta ma yarda ƙauye ne ba, wanda ba shi da asibitin da za a kai gawa, ba shi da basaraken da hukuma ke saurare, wa zai ƙirga masa? Shi ya sa neman masarauta da Hausawan Nil Azrak suka yi a 2022 ya wuce sha'awar rawani. Wanda ba shi da wakili, ko mutuwarsa ba ta shiga takarda.

Doka fa? A watan Maris 2005 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1591 da ya hana shawagin kai hari, amma a sararin Darfur kaɗai. Ko a can ma, a 2007 masu binciken Majalisar sun ba da rahoton wani An-26 na gwamnati da aka shafa wa farin fenti irin na jiragen agaji. Jazira da Nil Azrak ba su taɓa shiga wannan hani ba. Ranar 11 ga Mayu 2023 ɓangarorin biyu sun sa hannu a Jidda cewa za su kare farar hula, duk hare-haren kan farar hula da muka lissafa na wannan yaƙi bayan sa hannun aka yi su. A watan Satumba 2024 kwamitin binciken Majalisar ya ba da shawarar a faɗaɗa takunkumin makamai ya game ƙasar duka, a kuma kawo dakarun kare jama'a, gwamnatin Burhan ta yi watsi da batun dakarun.

Da jirgi ya rasa matuƙi

Sama ma ta daina zama mafaka. A watan Oktoba 2024 an kakkaɓo wani babban jirgin kaya samfurin Ilyushin a Malha da ke arewacin Darfur, a Fabrairu 2025 wani ya faɗi a Niyala, RSF ta ce ita ta harbo shi. Ranar 25 ga wannan watan kuma wani Antonov na soja ya rikito a kan gidaje a Omdurman jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 46 suka mutu, har da manyan hafsoshi. Sai ɓangarorin biyu suka karkata ga jirage marasa matuƙa. Sojoji suka samo Mohajer daga Iran da Bayraktar daga Turkiyya, RSF ta samo ƙirar Sin, ana zargin ta hannun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ita kuma tana musantawa. Daga ranar 4 ga Mayu 2025 aka yi kwanaki ana kai wa Bur Sudan hari, birnin da a da ake ganin yaƙi ba zai kai can ba.

Shi wannan jirgi yana gani tar, kuma babu ran matuƙi da za a ji wa tsoro. Da kuskuren lissafi ne kaɗai matsalar, da kasuwa da masallaci sun huta. Amma ranar 19 ga Satumba 2025 irinsa ya faɗa wa masallaci a Fashir ana sallar asuba, fiye da mutum 70 suka rasu. Na'ura tana nuna taron jama'a, ba ta faɗin abin da ya tara su. Wannan sai mutum, kuma mutumin yakan ga abin da aka riga aka gaya masa zai gani.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan saman Nijeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, daf da iyakar Kamaru, fiye da mutum 100 suka mutu. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Idan kuma mai karatu bai manta ba, a shekarar 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, Katsina ta hana sayar da mai a jarka da cinikin shanu a wasu kasuwanni, duk a kan hujjar cewa a nan 'yan bindiga ke samun guzuri. Wato a idon hukuma kasuwar ƙauye ta riga ta shiga jerin wuraren da ake zargi, kuma masu iya magana sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su kai wa rundunonin da ke yankunansu rubutaccen bayanin ranakun cin kasuwa da wuraren da motoci ke kwana, su kuma ajiye kwafi mai hatimi, don kada gobe a ce ba a sani ba. Duk inda aka yi kuskure kuma, a tsaya kai da fata sai an rubuta sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya, kafin a zo maganar diyya.

A can bakin Nilu, komawar soja Madani da Singa ta sa mutane da yawa sun koma gidajensu, suka tarar an kwashe injinan ban ruwa da iri da taki, magudanun gandun sun cushe da ciyawa. Gurnanin Antonov ya yi nisa, ya koma Darfur da Kurdufan. To amma a watan Janairu 2026 jirgi marar matuƙi ya kai hari Singa, mutane fiye da 20 suka mutu, fiye da shekara guda bayan an ce garin ya dawo hannun gwamnati. Daga Singa in ka kama hanyar Sinnar, ta Mai Wurno za ka bi.